Minti Goman Kawu Mai-agogo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, gab da azahar, Allah ya karɓi ran Kawu Mai-agogo, makanikin wurin tsaga katakon da nake aiki. Ya rasu a ƙarƙashin injin da ya shekara ashirin yana gyarawa.

Kawu, ban taɓa ganin wanda ya girmama kalmar minti irinka ba. Ni karatun allo kaɗai na yi, lokaci a wurina daga salla ne zuwa salla. Kai ka zaunar da ni gaban agogon bango, ka ce minti kalmar Turawa ce, sakan sittin cif, mu ne muka aro ta muka lalata. Ka ce minti biyun tela sati ne, na direban da ke jiran fasinja awa ce, in kuwa manaja ya ce a ba shi minti ɗaya, korar mutum yake yi cikin mutunci. Na tambaye ka minti biyun angonci fa, ka biyo ni da sifana har bakin titi.

Babu wanda na addaba kamarka. Na cika maka hula da garin katako, na ƙulle maka igiyar takalma kana gyangyaɗi. Duk da haka, ranar da katako ya fasa mini ƙafa, kai ka goye ni zuwa asibiti, kana zagina kana haki.

Mintinka ba ya ƙarya, shi ya sa aikinmu ya ginu a kansa. In za ka shiga ƙarƙashin inji gyaran bel, sai ka faɗa wa Dogo, mai kunna injin, minti nawa za ka yi. Ka gama ka fice ta ƙofar baya wanke hannu, shi kuma ya dubi agogo ya kunna. Ba ya leƙawa, kai ma ba ka taɓa ƙara sakan ba.

Ranar nan ka ce masa minti goma, ya fita shan ruwa. Ni ina waje ina sauke kaya, ban ji ba. Na shigo da yunwa, na ga ba kowa, na taka benci na tura dogon hannun agogon gaba don a tashe mu cin abinci da wuri. Na sha yin haka, ana dariya. Dogo ya dawo, ya ɗaga kai, ya danna.

Bel ya fizgi hannunka har kafaɗa, ya naɗe ka. Mun ji ƙashi na karyewa kafin mu ji ihunka. Jini ya wanke bango, garin katako ya koma ja. Kafin a kashe injin babu sauran abin ceto.

Da ƙannenka suka iso, ba su tambayi kowa komai ba. Suka ja Dogo tsakar fili suka rufe shi da duka da guntayen katako. Suka zubar masa da haƙora, suka karya hannun da ya danna. Yana rarrafe cikin jini yana cewa, "Wallahi na duba agogo, minti goma ta cika." Aka leƙa agogon, aka ga yana tafiya daidai, aka ce ƙarya yake. Gaskiya ya faɗa. A cikin ruɗanin nan ni na koma na mayar da hannun agogon daidai, sannan na fito na tsaya kallo.

Kwana huɗu ke nan Dogo yana tsare a hannun 'yan sanda, matarsa na kai masa kunu don ba ya iya tauna. Ni kuwa ina zaune cikin masu karɓar gaisuwa, har ana ba ni haƙuri.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna, matar Kawu, ke da yara da ƙannensa, Allah ya ba ku juriyar wannan rashi. Ina roƙonku ku janye ƙara a kan Dogo. Gobe da safe zan kai kaina wurin 'yan sanda, amma ta ƙofar gidanku zan fara bi, ku yi da ni abin da kuka ga dama.