Abin da Katafila Ta Tono a Ƙofar Malam Abduljalil

Shekara ashirin da biyu ina ɗinki a shagon da ke kallon ƙofar Malam Abduljalil, a unguwarmu ta Hausawa a nan garin Garwa na arewacin Kamaru, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Fulanin unguwa Modibbo suke ce masa, wato babban malami, shi kuwa bai yarda da sunan ba. Ba ya wa'azi, ba ya limanci. Gyaran littafi ne sana'arsa. In Alƙur'aninka ya kwance ko bango ya rabu, ka kai masa ya ɗinke da zare da fata. Wanda ya wuce gyara, wanda gara ta ci ko ruwa ya jiƙa, sai ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Bar shi a wurina."

Kowa ya ɗauka a cikin gida yake binne su. Ni kaɗai na san ba haka ba ne, don na sha ganinsa da sassafe yana haƙa a gindin katangarsa ta waje. Gidan ɗaki biyu ne, tsakar gida duk siminti, ga makewayi a kusurwa. Inda ya ga ya fi tsarki shi ne wani ɗan lungu a bakin titi, da ya kewaye da duwatsu don kada a taka.

Bana aka kawo mana aikin titi: famfo, fitilu, kwalta, da kwata mai zurfi da za ta kwashe ruwan datti. Mun daɗe muna jira. Duk damina ruwa sai ya shigo mana har gindin gado. Madam Chantal, injiniyar aikin, ta bi layi tana shafa jan fenti inda kwatar za ta wuce, fentin kuma ya sauka daidai kan duwatsun Malam.

Na tsallaka na same shi. Na ce, "Malam, ka gaya mata mana. Mace ce mai jin magana."

Ya ce, "In na faɗa, gobe unguwa ta tare hanya, aiki ya tsaya, a kai shi wata unguwar. Kuma da wane ido zan kalli mutanen da suka ba ni amana? Sai Litinin ta sama za su iso nan. Zan kwashe kafin lokacin."

Haka ya shiga yi, kullum kaɗan-kaɗan, da fartanya da buhu, tsoho ɗan shekara saba'in mai ciwon baya. Haushi ya ishe ni, amma ban ɗauki shebur na taya shi ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Na ce ba ruwana.

Ba su jira Litinin ba. Ranar Alhamis da hantsi katafila ta ƙaraso. Dieudonné ne ke tuƙa ta, mutumin kudu, Kirista, mai yawan dariya, wanda na taɓa yi wa facin wando. Ya kafa bakin katafila a gindin katanga ya ɗago. Ƙasa ta zubo, takardu suka biyo ta, wasu suka faɗa cikin taɓon kwatar da aka riga aka haƙa.

Mahfuzu mahauci ne ya fara ɗaukar ɗaya. Ya karanta, ya ga ayar Alƙur'ani ce, ya ɗaga ta sama. Kafin in ajiye almakashi titi ya cika. Masu babur suka tsaya, 'yan kasuwa suka baro rumfuna. Dieudonné ya kashe inji ya kulle kansa a ciki, yana ta magana da Faransanci ta bayan gilashi, ba mai saurare. Madam Chantal tana can ƙarshen layi, ba hanyar da za ta ratso. Dutse na farko ya fasa fitilar katafila. Na ji wani ya ce a kawo fetur.

Ni da na san komai, ina tsaye a ƙofar shagona, ban tsallaka ba. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Sai ga Malam Abduljalil ya fito ko takalmi babu. Ya ratsa mutane, ya jingina bayansa da ƙarfen katafila.

"Bawan Allahn nan bai san akwai komai a nan ba," in ji shi. "Ni na binne su. Shekara talatin ina binnewa a bakin titi. Na ga fenti, na ɓoye maganar. In akwai mai laifi, ga ni."

Ya maimaita da Fulatanci don kowa ya ji.

Mahfuzu ya matso har numfashinsu na haɗuwa. "Malam, Alƙur'anin mahaifina da na kawo maka, a titi ka sa shi?"

"A nan yake, Mahfuzu."

Na ɗauka zai mare shi. Bai yi ba. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa, ya durƙusa ya fara tsince takardu daga taɓo yana kuka. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka yar da duwatsu suka durƙusa. Buhu goma sha ɗaya na takardun aka kai maƙabarta da la'asar, ba wanda ya ce wa Malam ya biyo.

An gama kwata, an zuba kwalta, ruwa bai shigo mana bana ba. Dieudonné ya koma wurin iyalinsa lafiya. Malam kuwa, har yau ba wanda ya sake kai masa littafi. A masallaci ma sahun baya yake tsayawa, ana amsa gaisuwarsa a taƙaice.

Makon jiya na kai masa goro, na tambaye shi ko yana nadamar fitowar da ya yi.

Ya ce, "Ta fitowa? A'a. Ta kwana goman da na yi shiru nake yi." Ya dube ni ba tare da fushi ba. "Mu biyu ne muka yi shirun, tela."

Na tashi na koma shago.