Ragar da Ban San Inda Na Ciro Ta Ba

Ni haifaffen Talata Mafara ne. Mahaifina mahauci ne, amma ban gaji wuƙa ba. Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki na koya, har na buɗe shagona. Mutane sun yarda da ni, akan bar ni in shiga ɗakin da baƙo ba ya shiga.

Kowace na'ura tana da raga a bakinta mai tare ƙura, mu masu gyara kan ce mata filta. Idan ta toshe, wanki kawai take so: a ciro ta, a wanke, a shanya a inuwa, a mayar. Sai ta yage ake canja ta, kuma da mai daidai girmanta. Na san haka sarai.

Wata bazara a Bakura, wani magidanci ya ga tasa ta yi baƙi, ya ce, "Injiniya, wagga ai ta mutu ko?" Na ce ta mutu. Na sa masa sabuwa, na tafi da tsohuwar. Da na wanke ta sai ga ta fes. Na sa ta a leda, na kai wa wani a Maradun a matsayin sabuwa, na ɗauko tasa.

Daga nan ban ƙara sayen sabuwa ba. Ta ofis ta koma gida, ta gida ta koma shago. Idan ta yi girma in rage da almakashi, idan ta yi kaɗan in ɗaure da waya. Da farko ina tuna asalin kowacce. Daga baya suka cakuɗe a buhu, har ina zargin na taɓa sayar wa mutum tasa.

Wata rana wani Alhaji, dillalin shanu, ya kira ni ɗakin mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon asma. Ya ce, "Don lumhwashinta na sawo wanga inji. Ka sa mata raga mai kyau, don Allah." Na ce an gama. A makon na yi aiki a ofishin injin casar shinkafa, na kuma yi a shagon da ake ɗura maganin feshin gona a kwalabe. Duk na ciro ragarsu, na ɗauraye sama-sama. Na zura hannu a buhu, wadda ta zo na sa. Tsohuwar har ta sa mini albarka.

Ba a jima ba numfashinta ya sarƙe, aka kwantar da ita a asibiti. Ƙanen Alhaji ya ce yana jin wani wari a ɗakin. Suka kira wani mai gyara, ya buɗe, ya ga raga a ɗaure da waya. Suka kai ƙara, 'yan sanda suka tarar da buhun a shagona, ga sababbin ledoji a gefe.

A kotu alƙali ya ɗaga ragar ya ce, "Daga ina ka ciro wannan?" Na dube ta, na sake dubawa, na ce ban sani ba. Aka ɗauka taurin kai ne. Mai shagon magani ya ce ba tasa ba ce, mai injin shinkafa ya ce ta yi kama da tasa. Likita ya ce abubuwa da yawa kan tayar da asma. Hukuncin damfara aka yanke mini.

Ina gidan yari tsohuwar ta rasu. Na yi ta bin gidajen nan a zuciyata ɗaya bayan ɗaya, kullum sai lissafin ya ɓace mini a tsakiya.

Da aka sake ni na je wajen Alhaji na durƙusa. Na ce, "Alhaji, ni ne sanadi?" Ya ce, "Kai da kas sa ba ka sani ba, ni kaka tambaya? Nawa na yahe maka. Nata kuwa, ku da Allah."

Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa. Ku matasa masu koyon sana'a, idan mai kaya ya tambaye ku ko abinsa ya mutu alhali wanki yake so, ku ce masa wanki yake so. Abin da kuka cire, ku miƙa masa a hannu. Ni na gama zaman da alƙali ya yanke mini, amma tambayar da ya yi mini har yau ban amsa ta ba.