Hoton Inna da Ya Ƙi Buɗewa

Lokacin da na buɗe shagon kwamfuta a Jega, intanet ɗinmu abin a yi kuka ne. Ka taɓa abu, ka je ka yi alwala ka dawo, bai gama buɗewa ba. Duk da haka na haɗa wa danginmu ɗan shafi, irin na kyauta, saboda taubashina, ɗan kawuna, da ke karatu a Sudan. Ya daɗe bai zo gida ba, kuma kullum roƙonsa ɗaya ne: in sa masa hoton mahaifiyarsa, wadda dukanmu muke kira Inna.

Inna kuwa ciwo ya ci ta sosai. Kawu ya hana a gaya masa, wai kada a ɗaga masa hankali yana karatu. Ni dai abin yana cina, don ina tsoron ta tafi bai gan ta ba.

Bayan an cire albasa Kawu ya kira mai hoto gidansa a Aliero. Sai ya tara duniya! 'Yan'uwa daga Sabiyal, surukai daga Maiyama, kowa ya sha wanka. Aka jeru yadda aka saba: maza a tsaye a baya, mata da yara a ƙasa kan tabarma. Inna tana can tsakiyarsu, fuskarta ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba.

Na ɗora hoton a shafin da nauyinsa duka. A wancan zamani hoto daga sama yake buɗewa, kaɗan-kaɗan, in ya yi nauyi ya tsaya a hanya. Sai ga wayar taubashina.

"Kai, ɗan ƙauye, huluna na ce ka aiko min? Na ga sama, na ga dogonyaro, na ga goshin Baba, shi ke nan ya maƙale!"

Maganin ba wuya: a yanke kowa a bar Inna, a matso da ita, a rage wa hoton nauyi. Amma a gidanmu ba a cire babba daga hoto ba da saninsa ba. Na hau babur sai Aliero, na sami Kawu a ƙofar ɗakinta.

"Yanke mu za ka yi?" in ji shi. "Manya na tsaye, ka hidda su?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Kawu, hularka ya gani har ya gaji. Uwarsa yake nema."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali, "In ka matso da ita, zai gane."

Ashe shi ya sa ya tara jama'a, don ramarta ta ɓace a cikin mutane. Tausayinsa ya kama ni.

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Inna, da ƙyar take fita: "Ɗana, yanke su duka. Ni yac ce yana son gani."



Na koma shago na yi aikin. Hoton ya zama ɗan ƙarami, yana buɗewa nan take. Idanunta sun faɗa, ƙashin wuyanta a fili, amma tana murmushi. Na daɗe ina kallonta kafin in ɗora.

Da taubashina ya bugo, babu tsokana, babu ɗan ƙauye. Cewa kawai ya yi, "Tun yaushe?" Na gaya masa gaskiya.

Ya kamo hanyar gida, Allah ya taimaka ya same ta da rai, don ba ta ga ƙarshen daminar nan ba. Ni na ɗauko shi daga tasha. Ya shiga ya durƙusa a gabanta. Ta kama hannunsa tana shafawa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wayyo, dubi yadda ka rame," in ji ta. "Ba su ba ka abinci can?"