Ranar da Waya Ta Riga Goro Isa Gandi

Ina aji ɗaya na babbar sakandare a Wurno lokacin da Baba ya sayi waya mai shafawa. Ba don ado ya saye ta ba. Masu sayen albasa daga kudu ne suka matsa masa, wai ba za su turo mota ba sai sun ga hoton kaya. Baba kuwa karatun allo ya yi. Idan aka ba shi ajami zai karanta har ya yi gyara, amma waya sai ya riƙe ta nesa da fuskarsa yana yamutsa goshi. Haka ta zama tasa a suna, tawa a aiki.

Ina dawowa daga makaranta, kafin in cire hijabi, zai kira ni mu zagaya inda aka shanya albasa. Ya zaɓo manya ya goge su da hannun rigarsa, ya ja baya yana kallo, sannan ya ce in ɗauka. Turawa kuma sai na hau kan tsohon turmin da aka kife a gindin katanga, don nan kaɗai sabis yake tsayawa a gidanmu.

Ni yarinya ce mara magana. A aji nakan san amsa, amma hannuna ba ya tashi. Idan baƙi suka shigo gida, sai in tuna akwai wanke-wanke. Amma a waya bakina ya buɗe. Wani ɗan kawunmu da ke karatu a Sakkwato ya buɗe guruf na dangi, ya zuba kowa a ciki, na Goronyo da na Rabah har da waɗanda ke neman kuɗi a Legas. Da lambar Baba nake rubutu a can. Ina tura hoton ruwa idan an sako shi daga dam ya cika hanyarsa, ina tsokanar masu sabon ɗinki. Har wani kawu ya tare Baba a kasuwar Goronyo ya ce ashe haka yake da ban dariya. Baba ya dawo gida yana mamakin abin da ya yi.

Mutum ɗaya ce intanet bai kai gare ta ba, Gwaggo, yayar Baba, wadda ke zaune a wani ƙauye gaba da Gandi kaɗan. Ita ta raini Baba bayan rasuwar mahaifiyarsu. An sha saya mata waya tana mayarwa. Ta ce wanda yake son jin muryarta ya san ƙofar gidanta. Duk wanda aka haifa a gidanmu, hannunta ne ya fara yi masa wanka, ita kuma take zama da mai jego har kwana arba'in. Kuma idan aka haihu, ita ake fara gaya wa, ba da saƙon baki a hanya ba, a'a, a tashi mutum takanas da goro ya je ya durƙusa ya faɗa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini wannan. Irin abubuwan nan ne da ake ɗauka kowa ya sani.

A ranin shekarar, Yaya, babbar ɗiyar gidanmu da ke aure a Goronyo, ta dawo gida haihuwar fari. Ta haihu da hantsi a asibitin gari, mace. Da aka dawo da su na leƙa ɗaki, na ga jaririyar a naɗe cikin zanen Inna mai zanen kifi, ta dunƙule hannu ta kai shi gefen kunne kamar mai amsa kira. Baba yana fadama, don ranar ce layin ban-ruwa ya zo kansu, ya bar wayar a gida. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki hoto, na hau turmi, na tura guruf, na jera masa jajayen zukata har layi biyu.

Barka ta fara zubowa. Ina tsaye a kan turmi ina murmushi ni kaɗai.

Bayan la'asar wani direba da ke bin hanyar Gandi ya yi sallama a ƙofar gida. Baba ya dawo ke nan, ƙafafunsa duk laka. Ina bayan ƙyaure ina ji.

"Gwaggo ta ce a gaishe ku," in ji direban. "Ta ce ta ji an yi haihuwa Wurno. Wai Allah shi raya ma masu ita."

"Masu ita?" in ji Baba.

Direban ya sosa ƙeya, ya ba da labari. Ashe hoton ya fita daga guruf, matar wani ɗan'uwanmu ta tura wa ƙanwarta, ita kuma ƙanwar maƙwabciyar Gwaggo ce, katanga ɗaya. Ta shiga da waya a hannu, mata na zaune ana gyaran wake, ta ce, "Barka, Gwaggo!" Gwaggo ta ɗago ta ce, "Barka da mi?" A gaban mutane. Jikar ƙaninta, amma sai amaryar maƙwabta ce ke gaya mata.

Baba ya shigo tsakar gida. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. Ya ce, "Wa yat tura?" Akuya ma sai da ta juyo ta dube ni. Ya miƙo hannu na ba shi wayar, ya jefa ta aljihu.

Abin bai tsaya a fushi ba. Yaya 'yar fari ce, kuma Inna tana kunyarta irin ta da, ko sunanta ba ta faɗa, balle ta tsaya a kanta wajen wankan jego. Wata tsohuwa a unguwarmu ta karɓi aikin na wucin gadi, amma Yaya ta fito wankan farko tana hawaye, ta ce ruwan bai yi zafi ba, matar kuma hira ta fi ba ƙarfi. Gwaggo take so. Ga suna saura kwana bakwai. Idan dangi suka taru babu Gwaggo a bakin murhu, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Baba ya ce da safe zai tafi wajen Gwaggo da kansa. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "In kat tahi, hura za ta dama maka, ku yi hirar albasa, ka dawo kai ɗai. Wadda tay yi ɓarnar ita za ta je."

Da a ce in rubuta wa Gwaggo takarda shafi goma ne, da kafin magariba na gama.

Washegari aka haɗa ni da Sista, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru da ke haya a maƙwabtanmu, tana aiki a wajen Gandi. Inna ta ƙulla mini goro a cikin jiƙaƙƙen tsumma. A mota aka matse mu a baya tare da buhun taki da wani injin ban-ruwa da aka kai gyara. Hanya duk kore, albasa da tafarnuwa da shinkafar rani, mutane sun sunkuya a cikinsu. Sista ta zungure ni.

"To faɗa mini abin da za ki ce."

Na juya ina kallon gonaki ta taga.

"Ke da nake jin labarin kin addabi guruf? Ki ɗauka ni ce Gwaggo. Bismilla."

Na buɗe baki, wani tsoho da ke gaba ya waiwayo don ya ji, sai na rufe. Sista ta yi ta dariya har muka isa. Ta raka ni ƙofar gidan, ta ce idan an kore ni in same ta a asibiti ta ba ni maganin ciwon kai.

Na tarar da Gwaggo a inuwar ɗakinta tana ɗinke wata fasasshiyar ƙwarya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa lafiya lau, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta tambayi Baba, ta tambayi Inna. Ta tambayi ruwa, ko an sako da yawa bana. Ta tambayi albasa, ta tambayi makaranta, ta tambayi akuyarmu mai ɗingishi. Yaya kaɗai ta tsallake. Da tambayoyin suka ƙare sai ta ci gaba da ɗinkinta. Tsumman goro ya jiƙa mini tafin hannu.

Can ta ce, "Mi ka tahe da ke?"

Na ce, "Yaya ce ta haihu." Ni kaina da ƙyar na ji.

"Ɗaga murya. Kunnen ga nawa ba shi da sabis."

Na sake faɗa.

"Haka anka koya maki? Kamar mai faɗin an ɗauke wuta?"

Sai a lokacin na gane abin da take jira. Na gyara durƙuso, na ajiye goron a gabanta.

"Gwaggo, albishirinki."

Ta ajiye ƙwaryar. "Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari tas."

"Yaya ta sauka lafiya jiya da hantsi."

"Kai! Alhamdu lillahi! Mi anka samu?"

"Mace."

Gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, har kaji suka watse. Wanda ya gan ta zai rantse yanzu ta fara ji. Sannan ta matso ta fara yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ta yi kuka da ta faɗo? Tana da gashi? Uwar ta ci wani abu? Wa ya karɓe ta?

Nan kuwa aka zo wajena, don kallo ba a fi ni ba. Na gaya mata gashin kwance yake, amma akwai wani ɗan tsiro a tsakiyar kai da ya ƙi kwanciya. Na ce kunnenta na hagu ya ɗan lanƙwashe a sama. Na ce tana shaƙuwa bayan ta sha nono, kuma idan ta yi hamma haɓarta na rawa. Na ce Yaya ta sha kunu kofi biyu ta ce babu yaji, Inna kuma sau uku tana wucewa ta ƙofar ɗakin da tsintsiya, alhali an riga an share wurin. Gwaggo ta yi dariya har da dafa ƙasa. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban babba ba. Da na tsaya sai na ji maƙogwarona ya bushe.

"Kunnen hagu," in ji ta. "Na kakanku na. Wanga ai hoto ba shi hwaɗa maki shi."

Ta miƙe ta je jikin katanga ta ƙwala kira. "Ke amarya! Mai waya! Zo ki ji labari."

Maƙwabciyar ta shigo tana gyara ɗankwali, wata doguwa mai fara'a.

"An yi muna haihuwa Wurno," in ji Gwaggo. "Mace. Ga wadda anka aiko."

"Haba Gwaggo, ba ni na nuna maki jiya ba?"

"Kin nuna, ban duba ba. Ke hoto kinka gani, ni gaya mani anka yi. To, mi za ki ce?"

Amaryar ta dube ni, ta dubi Gwaggo, ta fashe da dariya ta rusuna. "Barka, Gwaggo. Allah shi raya."

"Amin. Yanzu kinka yi magana."

"To goron albishir ɗina fa? Ni na riga kowa."

Gwaggo ta kwance tsumman, ta zaɓi ƙaramin goro ta miƙa mata. Sannan ta nuna mini wata kaza ja da ke tone-tone a gindin randa, ta ce tun da aka ce Yaya na da ciki ta ware ta domin wanda zai kawo labari. Mu uku muka yi ta zagaye tsakar gida kafin a kama ta, amarya na cewa ita aka zalunta.

Gwaggo ta ce in shiga ɗaki in ɗauko mata mayafi. A bayan ƙyaure na ga ƙunshin kaya an ɗaure tsaf, ga kanwa a leda, ga yaji a gwangwani, ga takalman fita a kai. Ɗaurin ba na yau ba ne, har ƙura ta ɗan hau shi. Na ɗauko mayafin, na ɗauko ƙunshin na fito da su. Ta karɓi mayafin ta yafa.

A mota ta zauna gaba, ni a baya da kaza a cinya. Duk wanda ya shiga sai ta gaya masa an yi mata jika. Wani ya ce ai ya gani a waya. Ta ce Allah ya ƙara masa gani.

Yanzu haihuwa da aure da rasuwa duk a waya muke fara jinsu, ni ma haka nake ji, ba na kuma cewa laifi ne. Na Legas ba su taɓa sanin jaririn gidanmu a ranar da ya zo ba sai a zamanin nan. Amma a danginmu, har Gwaggo ta bar duniya, idan aka haihu sai guruf ya yi tsit kamar ba a san komai ba, kowa na riƙe da hoto yana jira a ce ɗan aike ya isa.

Mun shiga gida ana kiran azahar. Baba yana zaure, ya miƙe da sauri har hularsa ta zame. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai, ka rame. Sai na hito." Ta wuce ciki. Yaya na jin muryarta ta fara kuka, Gwaggo ta ce ta yi mata shiru, ba ita ta fara haihuwa ba. Ta karɓi jaririyar ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Daga nan ta fito ta tsoma yatsa a tukunyar ruwan wankan da ke kan murhu, ta yi tsaki.

"Da wanga za a gasa mai jego? Ke, aje kazar nan ki kawo icce."

Na ajiye kaza na ruga.