Malam Audi da Ɗalibansa Ashirin

Malam Audi Na-Kwata ɗan mahauta ne, haifaffen Unguwar Rogo a cikin Sakkwato. Iyakar bokonsa aji bakwai. Mahaifinsa ya so ya riƙe wuƙa kamar sauran 'yan gidan, amma ganin jini jiri yake sa shi, sai aka ƙyale shi. Abu ɗaya ya ɗauko daga kwata wanda bai taɓa yarwa ba. Mahaifin nasa ba ya jiran malamin duba nama ya gano masa cuta a hanta. Shi yake fara tsagawa ya duba, in ya ga tsutsa ya janye naman da hannunsa tun kafin malamin ya iso da tambarinsa.

Da masinja ya fara aikin gwamnati. Ya koyi tafireta a hannun wani akawu, ya zama mai buga takardu. A shekarun da arzikin mai ya cika ƙasa, gwamnati ta sayo kwamfuta mai cin rabin ɗaki, aka kafa ta a ofishin da ke haɗa sakamakon jarrabawar makarantun horon malamai. Saboda saurin yatsunsa aka ba Audi injin huda kati. A lokacin komai da kati ake faɗa wa kwamfuta, har makin ɗalibi, har furogiram, wato jerin umarnin da take bi ta yi lissafi. Baƙin da suka kafa ta sun yi wata shida suka tafi. Audi ya tattara takardun da suka bari ya yi ta bi layi-layi da ƙamus a gefe, har ya iya rubuta umarnin da kansa. Ba wanda ya ƙara masa matsayi. A takarda, mai huda kati ne har ranar da ya bar ofishin.

Abin da aka san shi da shi kuwa, ɗalibansa ne guda ashirin. Ba mutane ba ne, katuna ne ashirin a cikin wani kwalin takalmi. Kowane kati ɗalibi ne na ƙarya wanda Audi ya riga ya lissafa sakamakonsa da fensir. Akwai wanda ya ci arba'in cif, daidai makin wucewa. Akwai mai talatin da tara. Akwai wanda bai zo jarrabawa ba, akwai mai suna dogo kamar hanyar Illela. Ya haɗa su da wasu katunan umarni, ta yadda duk wanda ya taɓa furogiram ɗin, sai kwamfuta ta fara gwada sabon aikin a kan waɗannan ashirin da kanta, ta kwatanta da amsar Audi. In sun dace, ta bugo 'yar takarda mai kalma ɗaya: LAFIYA. Audi ya sa hannu a ƙasa, sannan a kai wa shugaban sashe, Malam Tukur, ya duba ya amince. In ko ɗaya ya kauce, ta buga TSAYA da lambar ɗalibin, aikin kuma ba ya wuce ƙofar ɗakin.

Sunayen mutanen kwata ya sa musu. Mai talatin da tara sunan wani kawunsa ne da ba sa shiri. Ta goma sha bakwai kuwa Tasalla ce, mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba har ta rasu. Ita ya ba ɗari bisa ɗari a kowane darasi.

Lawali ya iso ofishin shekarar da soja suka sake karɓar mulki. Digirinsa na lissafi ne, ya gama bautar ƙasa, yana da shekara ashirin da huɗu da alƙalami uku a aljihun riga. Shi kaɗai ne mai digiri a ɗakin, kuma ya san haka. Malam Audi ya karɓe shi hannu biyu. Ya nuna masa yadda ake riƙe katuna kada gumi ya lanƙwasa su, ya nuna masa inda iyakwandishan ke ɗiga, a ranar farko kuma ya raba masa kilishin da ƙanensa ke yi.

"Mai digiri, zo ka gaida ɗalibaina," in ji shi, yana buɗe kwalin. "Duk abin da kar rubuta, su za su hwara ɗanɗanawa."

Lawali ya yi dariya. "Malam, a jami'a ba mu yi wanga ba."

"To, nan makarantar Audi ta. Ba a ba da digiri, amma ana hwaɗuwa."

Sun yi wata biyar lafiya. Sau da yawa ɗaliban nan sun kama Lawali, kuma duk lokacin da takardar ta fito da TSAYA, sai masu huda kati su ɗaga kai su yi murmushi. Murmushin nan yana cinsa. Yana komawa gida da shi.

Sai aka ƙara darasin aikin gona a jarrabawar shekarar, aka ce Lawali ya gyara furogiram ya buɗe masa wuri. Wurin ya yi kaɗan. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya rage gurbin kowane maki daga lamba uku zuwa biyu. Daga sama kuma umarni ya zo cewa sakamako ya fita ranar Alhamis, ba Juma'a ba. Zamani ne da ma'aikaci kan yi tsallen kwaɗo a bakin ƙofa don ya makara minti biyar, ba wanda ke tambayar dalilin umarni.

Ranar Talata bayan azahar, ga zafin bazara, ga janareto na tari, Lawali ya sa aikinsa. Malam Audi ya tafi jana'izar wani maƙwabci, ya ce zai dawo kafin la'asar. Takarda ta fito: TSAYA 17.

Lawali ya zaro katin ya ɗaga shi ga haske. Tasalla, ɗari a komai. Nan take ya gane. Ɗari lamba uku ce, shi kuwa gurbi biyu ya bari, kwamfuta ta yar da ɗayan ta riƙe sifiri biyu. Gyaran gaskiya zai ci kwana biyu, kuma sai ya je gaban Malam Tukur ya ce bai gama ba. Ya tsaya yana juya katin. Wa ke cin ɗari a jarrabawar malamai? Shi bai taɓa gani ba. Ya ce a ransa ɗalibar ƙarya ce kawai, bayan Alhamis zai gyara komai ba wanda ya sani. Ya zura katin a cikin littafinsa, ya zare katin amsar da Audi ya lissafa mata ma, ya sake sa aikin da ɗalibai goma sha tara.

LAFIYA.

Malam Audi ya dawo da ƙasar maƙabarta a takalminsa. Ya ga takardar, ya yi murna har da tafa hannu.

"Karo guda? Mai digiri, yau ka burge ni!"

Ya sa hannu. Lawali yana tsaye a gefensa yana kallon alƙalamin na tafiya, littafin kuma na ƙarƙashin hammatarsa.

Malam Tukur bai karanta aikin layi-layi ba. Ya daɗe da daina yi, tunda takardar Audi ba ta taɓa ba shi kunya ba. Sakamako ya fita ranar Alhamis.

Ɗalibai uku ne suka ci ɗari a lissafi a shekarar, duka ukun takarda ta ce sifiri suka ci, sun faɗi. Biyu sun yi shiru sun karɓi ƙaddara. Ta ukun, wata Habiba, malamar lissafinta ce ta ƙi yarda. Ta yi ta sintiri ofis-ofis har aka zaro takardar amsar yarinyar, ga ɗari da jan biro. Magana ta kai sama. Aka kafa kwamiti, wani Manjo na shugabanta.

Da safen ranar da kwamiti zai zauna, Lawali ya shigo ya tarar da Malam Audi shi kaɗai, kwalin takalmi a cinyarsa, yana ƙirga katuna da yatsa. Ya kai ƙarshe, ya sake farawa. Sannan ya ɗago ya dubi Lawali. Bai daɗe yana dubansa ba. Ya rufe kwalin ya ce, "Ina kwana, Malam Lawali." Bai ce mai digiri ba.

Manjon ba mai tsawa ba ne. Ya ajiye sandarsa a kan tebur, yana tambaya a hankali kamar likita. Malam Tukur ya yi bayani cewa akwai gwajin da kowane aiki ke bi kafin ya zo gabansa, kuma gwajin ya ce lafiya.

"Kai ka rubuta gyaran?" Manjo ya tambayi Lawali.

"Ni ne, Yallaɓai."

"Ka sa shi a gwajin?"

"Na sa."

"Ya wuce?"

Fanka na juyawa a sama. Malam Audi na zaune a benci, hularsa a gwiwa, yana kallon ƙasa.

"Ya wuce, Yallaɓai."

Manjo ya juya. "Gwajin nan, wa ya ƙirƙiro shi? Wane kamfani?"

Malam Audi ya miƙe. "Ba kamhwani ba na, ranka shi daɗe. Ni na."

"Mene ne iliminka?"

"Aji bakwai."

Manjo ya ɗaga 'yar takardar. "Wannan sa hannunka ne?"

"Nawa na."

Ba a sake tambayar komai mai tsawo ba. Rahoton ya ce an bar muhimmin aiki a hannun wanda ba shi da takardar shaidar yinsa, har ya ɓatar da jami'i mai digiri. Ana cikin lokacin rage ma'aikata, sunan Audi ya shiga jerin farko. Shekara ashirin da uku yana aiki. Ranar da zai tafi ya share injinsa, ya lulluɓe shi da ƙyalle kamar kullum, ya bar kwalin a kan teburin Lawali.

Kwana tara Lawali ya yi kafin ya iya faɗin gaskiya. In masu huda kati suka yi dariya a bayansa sai ya ɗauka da shi suke. A rana ta goma ya shiga ofishin Malam Tukur, ya ajiye katin Tasalla a kan fayil, ya faɗi komai a tsaye.

Malam Tukur ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ya tashi ya rufe ƙofa.

"Mi ya hana ka hwaɗin wanga gaban Manjo?"

Malam Tukur ya koma kujerarsa ya zauna.

"Yanzu so kake in rubuta in ce kwamitin soja ya yi kuskure? In ce kuma ni ban karanta abin da nis sa ma hannu ba? Su kore ka, su kore ni, Audi kuma ba su maishe shi." Ya tura masa katin da ɗan yatsa. "Ɗauki abinka. Je ka gyara aikinka."

Duk da haka Lawali ya rubuta takarda da hannunsa zuwa ga kwamitin, ya kai da kansa. Akawun da ya karɓa ya ce kwamiti ya gama zama, amma za a sa a fayil.

Ranar Asabar da hantsi ya hau babur zuwa Unguwar Rogo. Ya sami Malam Audi a filin bayan gidansu, tare da ƙanensa, suna shanya yankakken nama a kan gadajen kara. Malam Audi ya ɗaure hanci da rawani saboda ƙarni. Lawali ya durƙusa a cikin ranar, ya fara magana.

"Tashi, tashi, ka ɓata wandonka," in ji Malam Audi. "Na sani tun ran nan."

"Malam, don me ba ka faɗa ba?"

"In ce mi? Wanda yas sa hannu bai ƙirga katunansa ba. Wanga laihina na, ba naka ba. Naka daban, kai da Allah." Ya kori ƙudaje da hannu. "Yarinyar hwa?"

"An gyara mata. Duka ukun."

"To, alhamdu lillahi. Saurara. Ka sa injin shi riƙa ƙirga ɗaliban da kansa kahin shi hwara. In ba su cika ashirin ba, shi tsaya. Shekara shida ban yi tunanin wanga ba, sai da niz zauna gida."

Lawali ya ce zai yi. Ya gaya masa maganar takardar da ya kai, ya ce yana sa ran za a duba. Malam Audi ya ce Allah ya sa, ya ci gaba da juya nama.

Lawali ya yi gyaran a makon. Ya ci gaba da zuwa duk Asabar, ko da ba shi da abin faɗa, ya zauna tare da shi a zaure. A zuwa na biyar, yana kashe babur ya ji an taɓa labulen ƙofar cikin gida. Muryar Atika ce, matar Malam Audi, ƙasa-ƙasa.

"Malam, ɗan ofis ɗin na? Ya zo da takardar komawa aiki?"

"A'a, gaisuwa ta," in ji Malam Audi.

Labulen ya koma. Sun ɗan zauna, sannan Malam Audi ya raka shi har bakin babur, abin da bai saba yi ba. Ya dafa sirdin, yana kallon titi.

"Malam Lawali, na gode da zumunci. Amma ka rage zuwa. Duk ran da taj ji ƙarar babur ɗinka, sai ta ɗauko min rigar aiki ta goge."