Rakiyar Direban Maiyama

Da na kai matakin koyon aiki a karatuna na digirin digirgir, fannin halayyar ɗan Adam da sauraron masu damuwa, sai aka ba ni wani ɗan ɗaki a bayan wani asibiti a Aliero. Kujeru biyu ne a ciki suna kallon juna, da fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska. Kullum daga Jega nake zuwa, cike da abin da aka koya mini: ka fuskanci mutum, ka tambaye shi yadda yake ji, ka yi shiru. Ina son aikin ƙwarai, har yau ma.

Likita ya turo mini wani dattijo, direban motar haya daga Maiyama, sa'an mahaifina. Tun damina motarsa ta sauka daga titi kusa da Andarai, cike da fasinja, aka ce taya ce ta fashe. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi, amma shi tun ranar bai sake taɓa sitiyari ba. Da ya zauna a mazaunin direba sai hannuwansa su kama rawa. An gwada jini, an gwada komai, ba a ga ciwo ba. Ga iyali, ga mota a ajiye tana shan rana.

Zamanmu kuwa gaisuwa ce zalla. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, har albasar bana sai da muka tattauna. In na ce, “Baba, ya kake ji a ranka?” sai ya dubi ƙasa.

“Lahiya lau, Malam. Mun gode Allah.”

Haka muka yi ta yi mako bayan mako. Raina ya fara ɓaci, ba da shi ba, da kujerun nan biyu.

Wata rana da ya miƙe zai tafi, ƙafarsa ta riƙe, na kama masa hannu. Tunda na riga na tashi, kunya ta hana ni komawa in zauna dattijo yana fita, sai na ce bari in taka masa. Muka bi ta gefen katanga, kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani. A bakin ƙofa ya ce in koma haka nan, na ce bari dai in ƙara kaɗan. Muna isa gindin wani iccen dogon yaro, manyan motocin albasa suna wucewa, ya tsaya yana kallon titi.

“Malam, kowa cewa shikai ni gwani na, wai na ceci mutane. Har gida anka zo yi min barka.” Sai ya ƙara da cewa, “Ba taya ta ap pashe ba. Kwana ya ɗauke ni.”

Barci yake nufi. Gyangyaɗi ya yi a kan sitiyari, bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa. Duk barkar da aka yi masa ƙara masa nauyi take yi. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji kunyar kaina kaɗan, domin a gidanmu ma baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi a zaure, sai an rako shi.

Da na kai wa malamar da ke duba aikina rahoto, ta karanta inda na rubuta “zama na gaba”, ta yi dariya har da share ido.

“Wane zama? Ai tahiya kunka yi.” Sannan ta gyara murya ta ce in ci gaba, amma in tuna ko a gindin icce aiki nake yi, sirrinsa kuma amana ne.

Daga nan ɗakin ya zama na gaisuwa, aikin kuma a hanya. Muka yi maganar lodin da yake yi ba hutu, da tsoron da ke kama shi. Ya fara zama cikin motar ba tare da ya tayar ba, daga baya ya zagaya da ita bayan gari.

Bayan na gama horon, wata ranar kasuwar Jega, na shiga motar Maiyama zan je ta'aziyya, sai ga shi a mazaunin direba. Muka gaisa kamar ba mu san juna ba sosai, yadda ya kamata. Rana ta take, mun yi nisa, sai ya rage gudu ya gangara inuwa ya kashe mota.

“Jama'a, ku yi haƙuri, kwana nika ji. Bari in ɗan runtsa.”

Mota ta kaure da mita. Wani mahauci a baya ya ce namansa zai lalace, wata mata ta ce ita ba ta taɓa ganin direba marar kunya irin wannan ba. Shi ko ya ja hularsa ya rufe fuska. Na buɗe ƙofa don iska ta shigo masa, na zauna ina jira.