Dala Marar Hatimi

Ranar da Mama Rifkatu ta shigo shagonmu na canji a Kakuri ba ta taɓa fita raina ba. Cikin damina ne, a shekarun nan da dala ke kwana da wani farashi ta tashi da wani. Ni ne kashiya a lokacin, mai shagon kuma Alhaji Sabo, wanda komai sai ya bi ta hannunsa. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan ku ba ni kunnenku, don irin wannan rana tana nan tafe ga kowa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kusan kowane ɗan canji yana da ɗan ƙaramin hatimi da bai kai kan yatsa ba. Duk takardar dala da za ta bar hannunsa sai ya buga mata shi a gefe. In mutum ya dawo da jabu ya ce a wajenka ya saya, sai a duba. Da hatiminka, ka biya. Babu shi, ya kama gabansa. Alhaji ya taɓa shan asara mai zafi kafin ya fara haka, shi ya sa ko ƙaninsa ne ya zo sai an buga.

Mama Rifkatu tsohuwar malamar firamare ce daga Narayi. Mijinta na fama da ciwon ƙoda, an ce sai an kai shi Indiya a yi masa aiki. Ta sayar da filinta, ta haɗa da garatutinta, ta kawo a mayar mata dala. Na jawo hatimi ke nan sai na tambaye ta, don fira kawai, ina za ta. Da ta faɗa, na mayar da shi cikin durowa.

Dalilina shi ne Oga Emeka, mai sayar da kayan inji a bayanmu, wanda ke yawan zuwa ƙasashen can. Ya sha yi mana mita cewa masu canji a can in sun ga tawada a jikin dala, wasu su ƙi karɓa, wasu su zabge farashi. Shi ɗan kasuwa ne, ya san yadda zai yi. Ita kuwa ko jirgi ba ta taɓa shiga ba, ga mara lafiya a hannu, ga yaren da ba ta ji.

Na shiga wajen Alhaji na yi masa bayani. Bai ko ɗago kai ba.

"Isa, doka doka ce. Buga mata."

"Alhaji, in aka ƙi kuɗin nan a can, wa za ta kama? Ba ta san kowa ba."

"In ta dawo mini da jabu fa, ni wa zan kama?"

"Ka kama ni."

Sai ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce shi ba ya wasa da magana. In takarda ɗaya ta dawo, zan biya, kuma in ajiye masa makullin durowar kuɗi in nemi wani wurin. Na ce na ji. Gaskiya na ji tsoro, don ina da iyali a Makera, ga kuɗin haya na jirana. Amma na riga na furta, kuma ni mutum ne mai taurin kai, matata ma shaida ce.

Ashe wannan ne mai sauƙin. Da na zazzage dalar da ke shagon, yawancinta duk da hatimin wasu, wata har uku a jiki ɗaya. Masu tsabta ba su kai rabin abin da take bukata ba. Na ce wa Mama ta je gida ta dawo washegari. Na hau keke cikin ruwan sama na haye gada zuwa cikin gari, na bi abokan sana'a shago shago ina musanya masu tawada da marasa tawada. Wani ya ce sai na ɗora masa wani abu, na ɗora daga aljihuna. Wani ya yi ta dariya yana tambaya ko amarya zan yi wa liƙi. Wani ya ce, "Kai da kuɗin wata Kirista kake wannan wahala?" Na ce masa ciwon ƙoda bai tambayi mijinta addininsa ba, ya ba ni ko ya hana ni. Ya ba ni.

Kowace takarda sai da na bi ta da injin gano jabu, na ɗaga ta a haske, na shafa ta da yatsa. Da Mama ta dawo na zaunar da ita na ce kada ta ninke su, kada ta ɗaure su da roba, kada su kusanci man shafawa. Ta canza kaɗan a filin jirgi don mota da abinci, sauran sai ta isa inda asibitin ya nuna mata, kuma ta karɓi rasit. Ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka." Ban gaya mata abin da muka yi da Alhaji ba.

Damina ta wuce ban ji ɗuriyarta ba. Ran nan da hantsi sai ga ta, ta rame, amma da fara'arta. Ta ce an yi aiki lafiya, Baba, wato mijinta, yana gida har ya fara faɗa a kan gishirin da aka hana shi. An karɓi kuɗin ba gardama. Sai ta buɗe jaka ta ajiye takardar dala ɗari a kan teburina.

"Sai wannan ɗaya. Sun ce ba ta da kyau."

Alhaji ya fito ya sa ta a inji. Jabu ce. Na san na duba kowace ɗaya, amma da me zan rantse? Na ciro makullin na ajiye kusa da takardar.

Mama ta dube ni, ta dubi Alhaji. "Makullin mene ne wannan?"

Alhaji ya gaya mata komai, bai rage ba. Idonta ya kawo ruwa.

"Alhaji, ni ban zo a biya ni ba. Daren da za mu tafi 'yan cocinmu sun kawo gudummawa, har da dala, na haɗa su wuri ɗaya da naku. Ban san daga ina wannan ta fito ba, kuma ba zan ɗora wa yaron nan abin da ban gani ba. Na kawo ta ne don ku kuka san yadda ake kashe ta. Kada ta faɗa hannun wani mai jinya."

Da ta so, kalma ɗaya ta ishe ta karɓar dala ɗari, a lokacin da ba ta da fili ba ta da garatuti. Alhaji ya daɗe yana kallon takardar. Ya ɗauko almakashi ya yanka ta gunduwa-gunduwa a gabanta. Ya zaro wata daga aljihunsa ya miƙa mata, ya ce ba biya ba ne, dubiya ce, ta kai wa Baba. Ni kuma ya turo mini makullin da bayan hannu ya ce mutane na jira a waje. Bai yabe ni ba, har yau.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, duk dabarunmu kanmu suke karewa, kuma ba laifi ba ne. Amma wanda zai sauka a ƙasar da bai san kowa ba, abin da muka damƙa masa shi ne danginsa a can. Don haka kafin hannunku ya kai durowa, ku ɗago kai ku tambayi mutum ina za shi, kuma me ya fitar da shi daga gida.